Abin da Na Haska a Cikin Ƙwai, da Garin da Yayata Ta Sayo

Ranar da ƙwayayen suka kwana 5 a inji an ɗauke mana wuta tun bayan magariba, ni kuwa dama duhu nake jira. Na naɗe takarda kamar mazurari, na kifa ta a kan fitilar wayata, na ɗauko ƙwai ɗaya mai ɗumi na ɗora a bakin takardar. Ɗan yayata yana tsugune a gefena, har numfashinsa na dukan kafaɗata. Ɓawon ya yi jawur kamar garwashi. Daga ciki wasu siraran jijiyoyi sun bazu ta ko'ina, sak saƙar gizo-gizo, kuma a tsakiyarsu ga wani ɗan abu a lanƙwashe mai baƙin ɗigo.

"Anti, wallahi motsi yake yi!"

"Baƙin nan idonsa ne. Matsa kaɗan, kar ka ture mini hannu."

Ya matsa da baya kamar taku ɗaya, ya sake dawowa inda yake. Shekararsa 9, mai sikila ne, kuma hutu ya zo yi mini a Zariya. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, shekarata 11 ina riƙe da alli. Ɗan tayin kaza na zana shi a allo ban san iyaka ba, amma sai da albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, na sayi ɗan injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 30 na jona masa batirin sola, sannan na ga abin da nake zanawa yana motsi a tafin hannuna. Ƙwan kajin gida ya fi daɗin haskawa, don ɓawonsa bai yi duhun na kajin gona ba.

Ranar Asabar Yaya ta zo duba shi daga Kaduna. Bayan mun ci abinci ta ja ni ɗaki, ta zuge jaka ta fito da wani kwali mai sheƙi, cike da 'yan ledoji kamar na garin madara. Wata maƙwabciyarta ce ke sayarwa, ta WhatsApp ake talla, sunansa wai sitem sel. Ana zuba shi ne a ƙarƙashin harshe da safe. An ce mata yana maganin sikila, da ciwon suga, da hawan jini, da rashin haihuwa, har da shanyewar ɓarin jiki. Adashenta ta kwasa ta saya, kuɗin ya kusa rabin albashina.

Ban tsaya tauna magana ba. Na ce, "Yaya, damfarar ki aka yi."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ce, "Malama ke nan. Ke da ba ki taɓa kwana a asibiti yaro yana ihu ƙashinsa na sara ba, ai dole ki iya magana."

Gaskiyarta. Ni ma AS ce kamar ita, uwa ɗaya uba ɗaya, sa'a ce kawai ta haɗa ni da miji mai AA. Na yi shiru, ta mayar da kwalinta jaka, da la'asar ta hau mota. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, ni kuma maimakon in miƙa mata sanda sai na tsaya ina gaya mata takobi na da kaifi. Abin da zan rubuta nan shi ne abin da ya kamata in zaunar da ita in faɗa mata a ranar, da ƙwai a hannuna.

Akwai abin da duk mai kiwon kaji ta sani amma ba kowa ke tsayawa ya tambayi dalilinsa ba. Kaza takan ɗauki kwana 12 ko fiye tana saka ƙwai ɗaya-ɗaya, amma in ta yi kwanci, 'yan tsakin duk a kwana ɗaya ko biyu suke fitowa. Me ya hana na farko ya riga na ƙarshe da kwana 12? In kun fasa ɗanyen ƙwai a faranti ku duba kan gwaiduwa da kyau, za ku ga ɗan farin tabo da bai fi ƙwayar dawa ba. A ƙwan da zakara ya yi wa barbara, tabon yakan yi kamar zobe. Wannan tabon shi ne ɗan tsakon. Gwaiduwa guzurinsa ce kawai. Tun ƙwan yana can sama a cikin kazar, kafin a lulluɓe shi da fari da ɓawo, maniyyin zakara ya riga ya shige shi. A cikin kusan awa 25 da yake yi kafin ya faɗo, ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu sun zama huɗu, har a ranar da aka saka shi tabon nan ya tara dubun-dubatarsu. Da ƙwan ya faɗo ya huce, sai aikin ya tsaya cak. Haka zai zauna yana jira har ya ji ɗumin ƙirjin uwa, kimanin digiri 37 da rabi. Ranar da kaza ta kwanta, ranar ce agogon kowane ƙwai ke tashi, shi ya sa suke isowa tare.

A wannan lokacin ƙwayoyin nan babu wadda za ka nuna ka ce wannan ido ce, waccan fiffike. A yinin farko na ɗumi wata 'yar tsaga takan fito a tsakiyar tabon, sai ƙwayoyin su riƙa kwararowa daga dama da hagu suna nutsewa ta cikinta, kamar mata 'yan biki suna shiga ta ƙunƙuntaccen zaure, kowacce in ta shige ta nemi inda za ta zauna. Daga nan ake samun shimfiɗa uku. Ta sama ita ke zama fata da gashi da ƙwaƙwalwa da laka. Ta tsakiya ta ba da tsoka da ƙashi da ƙoda da zuciya da jini. Ta ƙasa kuma cikin hanji da hanta da huhu. Duk shekara sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yanzu fata da ƙwaƙwalwa gidansu ɗaya?" Gidansu ɗaya. Kafin ƙwai ya cika kwana 2 a ɗumi zuciya ta fara bugawa, tun ba a yi baki ko ƙafa ba.

To wa ke raba musu aiki? Nan ne ni kaina na fi daɗewa ina mamaki. Kowace ƙwaya a jikin tana ɗauke da DNA iri ɗaya, kundi guda cikakke, ta ido da ta hanta duk kundin ɗaya ne a hannunsu. Abin da ya bambanta su shi ne shafin da kowacce ta buɗe. Shafin da za ta buɗe kuwa ya danganta da inda ta tsinci kanta, da lokacin, da saƙon sinadaran da maƙwabtanta ke aiko mata. Ina son misalin ƙafar kaza da ta agwagwa. Dukansu da faffaɗar ƙafa kamar ludayi suke farawa. A kaza, ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu sukan sami saƙon cewa aikinsu ya ƙare, su mutu, yatsu su ware. A agwagwa saƙon ba ya cin su, sai fatar ta zauna, ta samu abin iyo. Yatsun hannun da nake rubutu da su ma haka aka sassaƙa su a cikin Innarmu.

Abin da ake kira sitem sel, wanda ni nake ce wa ɗalibaina ƙwayar tushe, ƙwaya ce da ba ta gama zaɓen abin da za ta zama ba, kuma in ta rabu tana iya barin irinta a baya, sauran 'ya'yan su tafi su zama wani abu. Manomi ya san wannan lissafin: a ci wani, a ajiye iri a rumbu. Na farkon halitta su ne masu faɗin zaɓi. A ɗan Adam, kwana 5 bayan maniyyi ya haɗu da ƙwai, abin da ke akwai ɗan ƙwallo ne mai ƙwayoyi kamar 100, da wani ɗan curi a manne a cikinsa. Daga curin nan mutum sukutum ke fitowa, in kuma ya rabu biyu a sami Hassana da Usaina masu kama ɗaya. A 1998 wani masani mai suna James Thomson a jihar Wisconsin ta Amurka ya iya ciro ƙwayoyin curin ya rene su a faranti. An sha taƙaddama a kai, don sai an lalata ɗan ƙwallon ake samun su, kuma ni ma da na haddace nuɗfa da alaƙa da mudga tun a Islamiyya ban ɗauki tambayar da wasa ba. Amma wannan zance ne na wata rana.

Da girma ya ci gaba zaɓin sai ya yi ta ƙuntata. Babban mutum yana da ƙwayoyin tushe har ya mutu, sai dai kowane rukuni da iyakarsa: na fata fata suke yi, na hanji suna sabunta cikin hanji duk 'yan kwanaki, na ɓargo kuma su ne masu jini. Na ɓargon su ne suka shafi yaronmu.

A 1961 wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, James Till da Ernest McCulloch, suka kashe ɓargon ɓeraye da radiyeshin, sannan suka yi musu allurar ɓargon wasu ɓerayen masu lafiya. Bayan kwanaki suka buɗe su suka tarar da 'yan ƙulli-ƙulli a jikin saifa. Da suka bi diddigi sai ya bayyana kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya tal ya tsiro, amma a cikinsa akwai jini iri daban-daban. Ke nan akwai uwa ɗaya da ke haifar ja da fari. Tambayar da ta rage ita ce daga ina uwar take fitowa tun farko, kuma amsar, abin da ya fi burge ni, a cikin ƙwai aka samo ta.

An daɗe ana zaton daga jijiyoyin nan na kan gwaiduwa ne, waɗanda muka haska da yaron, tunda a nan jini ke fara bayyana. A Faransa, Nicole Le Douarin ta gano a 1969 cewa in aka rina ƙwayar salwa aka duba ta a madubin ƙara girma, tana da wani dunƙule a tsakiyarta da ta kaza ba ta da shi. Wato za a iya gauraya su a kuma gane kowacce daga baya. Sai wata abokiyar aikinta, Françoise Dieterlen-Lièvre, ta yi wani aiki a 1975 da ni mai rawar hannu ko a mafarki ba zan iya ba. Ta buɗe taga a ƙwan kaza mai kwana 2, ta yanke ɗan tayin kazar ta cire, ta dasa na salwa a gurbinsa a kan gwaiduwar kaza, ta rufe ta mayar ɗumi. Da ya girma ta duba gaɓoɓin da ke ƙera jini, sai ta tarar ƙwayoyin salwa ne suka cika su. Jinin kan gwaiduwa na wucin gadi ne ashe. Irin da zai riƙe jiki har tsufa daga cikin ɗan tayin kansa yake fitowa, kuma daga baya aka gano wurin: bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. An zo an tabbatar da hakan a ɓera da mutum. Ƙwan salwar nan da aka yi yayin shansa a garuruwanmu ana cewa maganin komai ne, ga ainihin aikin da ya yi wa likitanci.

Daga bangon jijiyar nan ƙwayoyin sukan yi ƙaura zuwa hanta, daga baya su tare a ɓargo, su zauna can suna aiki ba dare ba rana. Jikin babba yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kamar miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take fashewa, ga lanƙwashewa kamar lauje tana toshe ƙananan jijiyoyi, wanda shi ne saran ƙashin da Yaya ke magana. Kuskuren harafi ɗaya ne a cikin kundin, kuma yana cikin irin da ke rumbu. Shi ya sa ƙarin jini ke taimakawa na 'yan makonni kawai: an ba ka hatsin maƙwabci ka ci, amma irinka na nan yadda yake.

Canza irin shi ake kira dashen ɓargo, kuma yana warkar da sikila da gaske. An fara ganin haka a 1984 a Amurka, a kan wata yarinya da aka yi wa dashen saboda kansar jini, sai sikilarta ma ta tafi. A Nijeriya an yi na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, a 2024 kuma na Legas ya fara. Amma ku ji yadda ake yi. Sai an nemo mai bayarwa da jikinsa ya dace da na mara lafiya, kuma ko a 'yan uwa ciki ɗaya, damar kowannensu ya dace ɗaya ce cikin huɗu. Sai an ba yaron magunguna masu ƙarfi da za su share nasa ɓargon su buɗe wuri. Sannan a ɗura masa rayayyun ƙwayoyin ta jijiya kamar ƙarin ruwa, su bi jini su nemi cikin ƙashi da kansu. Zai yi makonni a keɓaɓɓen ɗaki don ba shi da garkuwa. Jiki na iya ƙin baƙin, baƙin ma na iya juyowa su yaƙi jikin, magungunan na iya taɓa haihuwa, wani lokacin har rai ake rasawa. In kuma ajiye ƙwayoyin za a yi, a ruwan naitirojin ake nutsa su, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Yanzu a ɗora wannan kusa da kwalin Yaya. Kafin ta mayar da shi jaka na karanta bayansa: daga tuffa da inabi aka ce an samo ƙwayoyin. Ba na musun tsiro yana da ƙwayoyin tushe. Yana da su fiye da mu ma, shi ya sa za ka sari reshen zogale ko karan rogo ka soka a ƙasa ya kama. Sai dai kundin da ke hannun ƙwayar tuffa na tuffa ne, babu shafin jinin mutum a ciki. Ko da akwai, an busar da ita, an niƙa, an ɗura a leda, ta sha zafin kanti da na bayan mota, sannan ta gangara ciki inda ruwan narkar da abinci ke jiranta kamar yadda yake jiran tuwo. Ni ƙwayayena, in batiri ya mutu dare ɗaya a cikin hunturu, sai in wayi gari da asara. Ɓargon ɗan uwa na jini ma sai an yi wancan dogon shiri kafin jiki ya karɓa. Abin da ke cikin ledar garin 'ya'yan itace ne mai ɗan zaƙi, kuma ba na jin zai cutar da shi. Ɓarnar tana wani wuri, sai daga baya na gano ta.

Daren da ƙwayayen suka kwana 12 na kira Yaya na ba ta haƙuri. Hira ta yi hira, sai ta faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai. Tun bara likitansa ya rubuta masa haidiroksiyuriya, ya sha wata uku, sai wata ta ce mata ai maganin kansa ne, wato ciwon daji, ta tsorata ta daina ba shi. Kwalin nan shi ne ya maye gurbinsa.

Na ce, "Yaya, kin tuna lokacin da aka haife shi? Wata nawa ya yi kafin ya fara ciwo?"

Ta ce ai ba za ta manta ba. Ɓul-ɓul da shi, ko zazzaɓi bai cika yi ba, sai da ya kai wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura yana tsala kuka. Gwaggo ta ce haƙori ne, wasu suka ce baki ne.

Watannin nan na lafiya suna da dalili, kuma dalilin yana cikin mahaifa. Ɗan tayi ba ya shaƙar iska, daga jinin uwa yake fizgar oksijin ta mabiyiya, don haka himogulobin ɗin da ke cikin jininsa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, wani iri ne daban, mai ƙarfin kamu. Wannan irin ba ya lanƙwashewa, kuskuren sikila ma ba a shafinsa yake ba. Bayan haihuwa jiki yakan rufe shafin a hankali ya buɗe na manya, kuma wajen wata 6 an kusa gama sauyin. Wata likitar yara a Brooklyn ta Amurka, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948, cewa jinin jarirai masu sikila bai cika lanƙwashewa ba, ta kuma danganta shi da himogulobin ɗin tayi. Yaronmu ya taɓa rayuwa da lafiyayyen jini, nasa na kansa, watanni a ciki da watanni a waje.

Shafin kuwa rufe shi aka yi, yana nan cikin kundi. Wanda ya fara nuna cewa ƙwaya ba ta yar da shafukanta shi ne John Gurdon a Ingila, a 1962. Ya ciro ƙwallon tsakiya, inda DNA yake, daga ƙwayar hanjin talibambam, ya saka a ƙwan kwaɗo da aka kashe wa nasa, sai ga sabon talibambam yana iyo. Ƙwayar da ta riga ta zama hanji ashe tana riƙe da yadda ake yin ido da wutsiya. A 2006 Shinya Yamanaka a Kyoto ta Japan ya nuna cewa da saƙonnin gado 4 kawai za a iya juya ƙwayar fatar ɓera ta koma kamar ta farkon halitta, a 2007 ya yi da ta mutum, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel a 2012. Gurdon ɗin nan, yana sakandare shi ne na ƙarshe a bayoloji cikin ɗalibai 250, har malaminsa ya rubuta a takardar sakamako cewa burinsa na zama masanin kimiyya shirme ne. Tun da na san wannan nake sassauta biro in na zo cike wa 'yan matana rahoton ƙarshen zango.

Haidiroksiyuriya asalinsa maganin kansa ne, matar ba ƙarya ta yi ba, rabin magana ta faɗa. Abin da yake yi wa mai sikila shi ne ya ɗan sake buɗe shafin tayin nan, himogulobin ɗin jariri ya ƙaru a jini, tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu. Likita ke auna shi daidai nauyin yaro, yana kuma duba jini lokaci-lokaci. Akwai kuma sabon da ake ta labarinsa, Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Shi ana ciro ƙwayoyin tushen ɓargon mara lafiyar ne, a yi amfani da almakashin gyaran DNA a lalata makullin da ke rufe shafin tayi, a share ɓargo, a mayar masa da nasa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne. Ƙasar da ake haifar yara masu sikila kimanin 150,000 a shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ita ce tamu, kuma ko unguwarmu aka sayar da gidajenta ba na jin za a haɗa wa yaro ɗaya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Amma ƙofar da maganin miliyoyin daloli ke ɓallewa, ita ce ƙwayar maganin da Yaya ta ajiye a kan durowa take turawa a hankali, kuma kuɗinta na wata bai kama ƙafar kuɗin kwalin nan ba.

Ban faɗa mata duk wannan a waya ba, katina ba zai kai ba. Na dai ce mata maganin yana dawo masa da irin jinin da yake da shi kafin ya kai wata bakwai. Ta yi shiru, ta ce, "Haka likitan ya so ya ce ke nan? Shi da Turanci ya yi ta yi."

A kwana na 18 na daina juya ƙwayayen, na ƙara ruwa a tiren injin don danshi ya ƙaru. Cikin 30 ɗin dama na riga na fitar da 8: biyar fayau suke babu komai, zakara bai yi aikinsa ba, uku kuma sun fara sun tsaya, sai jan zobe kawai a jikin ɓawo. Daren kwana na 20 yaron ya tashe ni wai akwai ɓera a inji. 'Yan tsakin ne ke kuka daga cikin ɓawo. Sun huda ɗan sararin iskar da ke faffaɗan gefen ƙwai sun fara shaƙa. Da asuba na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan farin ƙayan da ke kan bakinsa, ya huta, ya daɗe yana hutawa har yaron ya ƙosa ya kai hannu zai ɓare masa. Na riƙe hannun. Jijiyoyin da muka haska ran nan har yanzu suna manne a bayan ɓawon da jini a cikinsu, sai sun gama janyewa, in ka ɓare da wuri jini zai zuba ya mutu. Ya zauna ya haɗa tagumi yana kallo ta gilashin injin, ko shayi ya ƙi sha, har ɗan tsakon ya zagaye ɓawon da sara, ya tura da ƙafa, ya faɗo a jiƙe kamar an tsamo shi daga miya. Na ba shi ɓawon ya murƙushe da yatsa biyu ya ji yadda ya yi laushi, don ɗan tsakon ya zuƙe sinadarin ƙashi daga jikinsa.

19 suka fito. Uku suka zama baragurbi, kuma na yi kuskuren fasa ɗaya a tsakar gida don in ga inda ya tsaya. Maigidana bai ce komai ba, turaren wuta kawai ya nema.

Yaya ta zo ɗaukar sa ranar Lahadi. Ta ce ta karɓi kati, ranar Talata za su koma wajen likitan, kuma in ya sake yi mata Turanci za ta kira ni in fassara. Na tambaye ta kwalin fa. Ta ce, "Kuɗina ne, Malama. Ni zan shanye abina, ko gwiwata ta samu."

Yaron ya zaɓi 'yan tsaki biyu, na huda masa kwalin sabulu na sa su. Yana ta fafutukar neman tsaki da ruwan da zai zuba musu a hanya, na ce ya bari. Tun kafin su fasa ɓawo sun janye sauran gwaiduwar cikin cikinsu, za ta riƙe su kwana 2 ko 3, shi ya sa ake lodo 'yan kwana ɗaya tun daga Ibadan su iso Arewa da ransu. Bai yarda da ni ba. Na gan shi ta tagar mota yana marmasa musu biskit.